Ko Ka San Ƙishirwa Ce Ke Kashe Ƙwaron Wake?

Duk manomin da ya taɓa ajiye wake a Shanono ya san wannan takaici. Da kaka ka yi roro, ka sussuke, ka sheƙe, ka ɗura farin wake tas a buhu ka ɗinke, da niyyar sai ya yi daraja ka fitar. Bazara na kawo kai ka kwance bakin buhu, sai ga ƙwari suna tashi, kowace ƙwaya da huji, ƙasan buhu kuwa gari ne zalla. Daga nan sai a fara zargin ɗakin ajiya, ko tsohon buhu. Alhali sau da yawa ɓarawon tare kuka dawo daga gona.

Tun wake yana jikin kwansonsa, ya fara bushewa, macen ƙwaron ke bi tana saka ƙwai. A ɗaki kuma kan ƙwayar kanta take liƙa shi. Ɗebi wake a tafin hannu ka fita rana ka duba da kyau, za ka ga wani ɗan farin ɗigo da bai kai kan allura ba, manne kamar an sa masa ƙaro. Wannan shi ne ƙwan. Cikin mako guda yake ƙyanƙyashewa, kuma tsutsar ba ta leƙowa waje ko sau ɗaya: ta ƙarƙashin ƙwan take huda ta shige cikin waken, ta yi ta ci har ta rikiɗa. Hujin nan da kake gani ƙofar fita ce, mai gidan ya riga ya gama ya tafi. Idan da zafi, mako uku zuwa huɗu sun isa ƙwai ya zama ƙwaro, mace ɗaya kuma tana iya saka ƙwai kusan 100. Wani abin mamaki, babban ƙwaron da muke tsana ba ya buƙatar ci ko sha. Mako ɗaya zuwa biyu yake yi a duniya, aikinsa barbara da saka ƙwai. Ɓarnar duk ta tsutsa ce. In buhu ya kamu sosai, kara kunnenka da dare za ka ji ƙas-ƙas ɗin cinsu, in ka tura hannu ciki kuma ka ji ɗumi.

Da yake Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na biye da ita, asarar ba ƙarama ba ce. Shi ya sa mutane suka rungumi magani, kuma a nan aka gudu ba a tsira ba. Wani ya jefa ƙwayar nan da ake kira bom a buhu ya ajiye a ɗakin da yara ke kwana, bai san iskar da take fitarwa tana kashe mutum ba. Wani ya yayyafa Sniper ko fiya-fiya kai tsaye a kan abin da gobe za a yi ƙosai da alale da shi. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta, saboda gubar irin wannan magani da aka samu a jikinsa ta ninka abin da dokarsu ta yarda da shi. Turawa sun ƙi saye, mu kuwa da shi muka ci gaba da yin garau-garau.

To ina dabara? Ƙwaron nan numfashi yake yi. Masana a Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, sun fara gwaji a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, daga baya a 2007 aka shiga yaɗa buhun da ake kira PICS a Afirka ta Yamma, da hannun masu bincike na cibiyar INRAN ta Maraɗi. A Kano ma ana yin sa. Buhu ne mai hawa uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure, tsutsotsin da kansu suke shaƙe 'yar iskar da ta rage, sai su daina ci. Abin da binciken ya gano daga baya shi ne ya fi burge ni. Tsutsar da ke cikin busasshen wake ba ta da inda za ta sha ruwa, jikinta ne ke haɗa mata ruwa daga abincin da ta ci, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da iska. Iska na ƙarewa ruwa ya yanke, ta bushe a cikin raminta.

Sai dai buhun yana da sharuɗɗa. Wake ya bushe ƙayau, wanda in ka ciza zai fashe, kuma a bar shi ya huce daga zafin rana kafin a zuba. A tsince tsakuwa da kara, don su ke huda leda. Kafin a zuba, a hura kowace leda a matse a ji ko tana yoyo. A matse iska a murɗe baki, a ɗaure kowane hawa daban. A ɗora kan katako nesa da bango, domin ɓera ɗaya ya isa ya ɓata aikin. Kuma a daina buɗewa kullum ana ɗiba. Na cefanen gida a ware shi daban.

Wanda bai samu buhun ba, jarkar man gyaɗa da aka wanke ta bushe tana yin aikin, haka ma duro mai murfi, muddin an cika shi har wuya an toshe bakin da leda. Rabin jarka ba ya yi, iskar da ke sama ta ishi ƙwaro ya yi jikoki. Iyayenmu mata da ke cakuɗa waken iri da tankaɗaɗɗiyar toka a tulu su liƙe baki da laka, hanyar da suka bi ke nan tun kafin a san leda. Tokar takan cike tsakanin ƙwayoyin, ƙwaron da ya fito ya rasa hanyar da zai bi ya kai ga mace. Kwano ɗaya na toka ga kwano ɗaya na wake, a ƙara wata a sama ta rufe shi ruf.