Yadda masana ke auna barazanar ƙarewar buzuzu

Buzuzu, ƙwaron nan mai mulmula kashin shanu ya binne, yana mayar da taki cikin ƙasa, yana kuma rage ƙudaje da tsutsotsin da ke addabar dabbobi. Saboda wannan amfani ne Ostireliya ta fara shigo da ire-irensa 'yan asalin Afirka a shekarun 1960.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ke fitar da kundin halittun da ke fuskantar barazana tun 1964. Tana duba raguwar yawan halitta cikin shekara 10 ko zuriya uku, da kuma faɗin yankin da take rayuwa. Idan yankin bai kai murabba'in kilomita 20,000 ba, kuma ya rarrabu yana ƙara tsukewa, sai a sanya ta cikin masu rauni.

Sai dai ƙwarin ƙasashe masu zafi ba su da tsohuwar ƙidaya, don haka akan rubuta da yawansu a rukunin marasa isassun bayanai. Masana kan haƙa tarko su sa kashi ya jawo su, sannan su gwada abin da suka kama da tsofaffin samfura, irin na ma'adanar ƙwari ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.

A Abuja, gine-gine na cin filayen kiwo a Lugbe da Kuje, kuma maganin tsutsar dabbobi na ivermectin yana fita cikin kashi ya kashe 'ya'yan buzuzu. Matuƙar ba a fara ƙidaya yanzu ba, wani nau'in zai iya ɓacewa kafin a san sunansa.