Ƙashi Ma Yana Ramewa

Duk wanda ya daɗe a fataucin shanu ya taɓa ganin saniya a ƙarshen rani tana gwaguyar tsohon ƙashi. Sinadarin fosfaras ne ya yi mata ƙaranci, kuma idan abin ya daɗe ƙashinta kan yi laushi har ta karye wajen lodi. To, 'yan uwa, ɗan Adam ma ƙashinsa yana ramewa, sai dai shi a ɓoye.

Ƙashin mutum yana gama ƙwari wajen shekara 30, daga nan sai ya riƙa zaizayewa sannu a hankali, ba ciwo ba zazzaɓi. Iyayenmu mata da suka daina al'ada su suka fi shiga haɗari, amma dattawa maza ma ba su tsira ba. Taba da giya suna ƙara cin ƙashi, haka ƙwayoyin dexamethasone da prednisolone da wasunmu ke saye a tasha don ciwon jiki, idan aka daɗe ana sha.

Idan tsawon mutum ya ragu, ko bayansa ya ranƙwafa, ko ɗan zamewa wajen saukowa daga mota ya karya masa ƙugu, kada a tsaya wurin mai ɗori kawai. A je asibiti a auna ƙarfin ƙashin. Akwai magani irin su alendronate, ƙwaya ɗaya a mako, tare da kalsiyam da bitamin D.

Rigakafin kuwa yana hannunmu. Baligi na bukatar kalsiyam kamar miligiram 1,000 kullum, kofi guda na madara yana ba da kusan 300. A lizimci nono, cuku, zogale da ƙananan kifi, a riƙa tafiyar ƙasa. Allah Ya kiyaye hanya.