Mota ta kaɗe yayanmu ya rasu, baffanmu ya ce an yafe: ina haƙƙin marayunsa?

Tambaya

Wata motar haya ta kaɗe yayana yana kan babur, ya rasu nan take. Waɗanda abin ya faru a gabansu sun ce direban gudu yake yi sosai, kuma ya shiga hannun da ba nasa ba. Ya bar mahaifiyarmu, da mata ɗaya, da 'ya'ya uku ƙanana, maza biyu da mace ɗaya. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. A zaman makoki shugabannin tasharsu direban suka zo gaisuwa da buhun shinkafa, sai baffanmu ya ce ƙaddara ce, mun yafe duniya da lahira. Matar tana cikin takaba, ba wanda ya tambaye ta. Yanzu ɗawainiyar yaran ta dawo kaina. Akwai abin da shari'a ta ba mu damar nema, ko magana ta ƙare?

Amsa

Dukkan godiya ta tabbata ga Allah.

Allah Ya jiƙan yayanka, Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Magana ba ta ƙare ba. Baffanku ya yafe abin da ba nasa ba, kuma yafiya irin wannan ba ta kayar da haƙƙin kowa.

Ka fara da sanin irin kisan da ya auku, domin abin da za ku nema a kansa ya rataya. Kisa ko dai na ganganci ne ko na kuskure. Haka Imamu Malik ya kasa shi. Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad sun ƙara na uku, wato mai kama da ganganci, kamar a doki mutum da abin da bai saba kisa ba sai ya mutu. A kisan ganganci waliyyan mamaci suna da haƙƙin ƙisasi, kamar yadda ya zo a aya ta 178 ta Suratul Baƙara, kuma suna iya yin afuwa, kyauta ko bisa karɓar diyya. Zartar da ƙisasi aikin hukuma ne bayan alƙali ya yanke hukunci. Ba a yarda dangi su ɗauki makami su je ramuwa ba, kuma aya ta 33 ta Suratul Isra'i da ta bai wa waliyyi iko, ita ce dai ta hana shi wuce iyaka. A mazhabar Malikiyya, ko an yafe wa mai kisan ganganci, ana yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Wanda kuwa ya yaudari mutum ya ja shi wani wuri ya kashe shi don ya ƙwace abin hannunsa, wannan ba ya cikin abin da dangi ke yafewa.

Naku ba wannan ba ne. Direban da ya yi gudun wuce ƙima bai fito da niyyar kashe yayanka ba, saboda haka hukuncinsa na kisan kuskure ne, babu ƙisasi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, ta tattauna haɗurran mota a zamanta na ƙasar Burunai a 1993. Matsayarta ita ce direba na ɗaukar alhakin ɓarnar da motarsa ta yi wa rai ko dukiya, sai fa idan abin ya zo ta hanyar da ba shi da ikon kauce mata, ko wanda aka kaɗe ɗin ne ya jawo, ko laifin wani ne na daban. Idan kuma laifin na haɗaka ne, kowa ya ɗauki gwargwadon nasa. Wanda ya bar hannunsa ya shiga na wasu da gudu, in har hakan ta tabbata, ba shi da mafaka a cikin waɗannan uzurorin.

Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora abu biyu a kan kisan kuskure: kaffara da diyya. Kaffara tsakanin direban ne da Ubangijinsa. 'Yanta bawa mumini ce, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Ba ku da hannu a cikinta, kuma ko duk danginku sun taru sun yafe, tana nan a wuyansa. Yana da kyau wani ya sanar da shi, don direbobi da yawa suna ɗauka da zarar an ce "an yafe" sun fita ke nan. Diyya kuwa ayar ta ce a miƙa ta ga iyalan mamaci, sai idan su ne suka bar ta sadaka. To su wane ne waɗannan iyalan da ke da ikon barin ta?

Magada ne. Diyya dukiya ce da ke shiga cikin abin da mamaci ya bari, a fara biyan bashinsa daga ciki idan akwai, sannan a raba saura yadda ake raba gado. Da farko Umar ɗan Khaɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, yana ganin diyya ta dangin uba ce, matar mamaci ba ta da kaso. Sai Dahhaku ɗan Sufyan ya sanar da shi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuto masa ya bai wa matar Ashyam Addibabi gado daga diyyar mijinta. Nan take Umar ya janye ra'ayinsa. Malik ya kawo wannan a Muwaɗɗa, haka Abu Dawuda da Tirmizi.

Yanzu duba gidanku. Matar yayanka tana da ɗaya bisa takwas saboda akwai 'ya'ya. Mahaifiyarku tana da ɗaya bisa shida. Abin da ya rage duka na yaran ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Idan ka kasa diyyar kashi 120, matar ta ɗauki 15, mahaifiya 20, kowane yaro namiji 34, yarinyar 17. Kashi 85 cikin 120 na marayu ne. Kai kanka, da kake shaƙiƙinsa, ba ka da ko ɗaya, saboda ɗa namiji yana katange 'yan'uwa. Balle baffa. Girmansa na nan, kuma mai yiwuwa da kyakkyawar niyya ya yi maganar, amma mutum ba ya kyauta da dukiyar wani.

Mahaifiyarku tana iya yafe nata kason, kuma tana da lada. Matar ma haka, da sharaɗin a tambaye ta ita kanta, ta amsa da yardarta, ba don kunyar surukai ba. Shirun da ta yi a cikin takaba ba yafiya ba ne. Kuma yafiyar mutum ɗaya kasonsa kawai take kayarwa. Rabon yaran kuwa babu mai ikon yafe shi kyauta, ko uwarsu, ko kakarsu, ko wasiyyinsu. Waliyyin maraya an ɗora shi ne don ya tsare dukiyar ya kuma yi abin da ya fi amfanar yaron, kuma zubar da haƙƙinsa a banza ba amfani ba ne. Idan sun balaga suka mallaki hankalin kansu, suka ga dama su yafe, wannan nasu ne.

Akwai maganganu biyu da za ka ji idan ka tayar da zancen. Ta farko, ai ƙaddara ce. Gaskiya ne, kwanan yayanka ne ya ƙare. Amma duk kisan kuskure ƙaddara ne, kuma Wanda Ya ƙaddara shi Shi ne Ya wajabta diyya a kansa. Ta biyu, mu ba ma cin kuɗin jini. Wannan kunya ce ta al'ada, kuma sau da yawa masu faɗin ta ba su ne za su biya kuɗin makarantar yaran ba. Lokacin da aka tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahlu a Khaibara, aka rasa hujjar da za ta tabbatar da wanda ya kashe shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce wa danginsa su haƙura ba. Shi ya biya su diyyar raƙuma 100 don kada jinin ya tafi a banza, kuma sun karɓa. Buhari da Muslim sun ruwaito wannan. Abin da sahabbai suka karɓa daga hannun Annabi ba zai zama abin kunya ga marayunku ba.

Adadin diyyar namiji Musulmi raƙuma 100 ne. Ga mutanen da ba raƙuma ne dukiyarsu ba, dinari 1,000 ne na zinare, ko dirhami 12,000 na azurfa a wurin Malikiyya. Dinarin shari'a ana ƙiyasta shi da giram 4.25, wato diyya cikakkiya giram 4,250 ce ta zinare. Ka tambayi farashin giram ɗaya a kasuwar 'yan gwal ka ninka, za ka ga nauyin abin da aka zubar da kalma ɗaya a zaman makoki. Hukumomin zakka na wasu jihohin Arewa kan fitar da ƙiyasin diyya da naira tare da nisabin zakka, kuma adadin na sauyawa da farashin zinare. Diyyar mace rabin ta namiji ce a mazhabobi huɗu. Idan mai ciki aka kaɗe cikin ya zube, shi ma yana da tasa diyyar, ɗaya bisa goma na diyyar uwarsa, wato dinari 50.

Za ka ce, direban haya ina ya ga wannan kuɗi? Shari'a ba ta ɗora masa shi kaɗai ba. Diyyar kuskure tana kan aƙila, wato danginsa maza na wajen uba, su haɗa a biya cikin shekara uku, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Asalin wannan shi ne hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi a kan mata biyu 'yan ƙabilar Huzailu, da ɗaya ta jefi ɗaya da dutse ta mutu tare da abin da ke cikinta, ya ɗora diyyar matar a kan dangin wadda ta yi jifan. Idan babu aƙila, baitulmali ne ke biya. A yau da zumuncin dangi ya yi rauni, majalisar fiƙihun da aka ambata ta duba batun a zamanta na Dubai a 2005, ta ce inshorar taimakekeniya ta Musulunci, da ƙungiyoyin sana'a da suka tanadi taimakon juna a ƙa'idojinsu, suna iya tsayawa a matsayin aƙila. Saboda haka shugabannin tashar da suka zo muku gaisuwa su ne ya dace a zauna da su. Shinkafar da suka kawo gaisuwa ce, Allah Ya saka musu, ba a lissafa ta cikin diyya sai idan da wannan sunan aka bayar aka kuma karɓa.

Ka kuma binciki takardun motar. Dokar Najeriya ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, kuma rasa rai na cikin abin da take ɗauka. Malamai suna da magana a kan halaccin shiga inshorar kasuwanci, amma da yawa daga cikin malaman wannan zamani sun ba da fatawa cewa magada suna iya karɓar haƙƙinsu daga kamfanin, tunda shi ya ɗauki nauyin biya a madadin direba. Idan kuma mai motar ya san birkinta ba ya ci ya sake ta a hanya, shi ma yana da kason alhaki.

Cikakkiyar diyya ba kullum ake iya samun ta ba, wannan gaskiya ce da ba za a ɓoye maka ba. Sulhu a kan abin da bai kai ta ba ya halatta. Baligi yana iya sulhu a kan rabonsa yadda ya so. Rabon marayu kuwa sai a gaban alƙali, ya duba ya tabbatar abin da aka amince a kai shi ne iyakar abin da za a iya samo musu, a rubuta, a sa shaidu, a faɗi wa'adin biya da wanda zai riƙe kuɗin yaran. Sulhun baki da baki a ƙofar gida, bayan wata shida ba mai tuna shi.

Tun yanzu ka nemi waɗanda suka ga haɗarin ka riƙe sunayensu da inda suke, ka karɓi rahoton 'yan sanda ko na Hukumar Kiyaye Haɗurra, da takardar asibiti mai nuna sanadin mutuwa. Shaidu suna da muhimmanci ko da direban bai musa ba, domin a wurin Malikiyya aƙila ba ta ɗaukar diyyar da ta tabbata da iƙirarin mai laifi kawai, sai ta koma kan dukiyarsa shi kaɗai, wadda ƙila ba ta taka kara ta karya ba.

Game da inda za ku kai kuka, tun daga shekarar 2000 da Zamfara ta fara, jihohi 12 na Arewa suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, kuma dokokin laifuka da aka yi wa kotunan shari'a sun tanadi ƙisasi da diyya. Ana kuma iya shigar da ƙarar neman diyya a babbar kotun jiha a ƙarƙashin dokar haɗurran da suka jawo asarar rai. Wannan hanyar tana da wa'adi, idan ya wuce ƙofa ta rufe, don haka kada ku jinkirta ganin lauya. Tuhumar da hukuma ke yi wa direba kan tuƙin ganganci daban take da haƙƙinku. Ɗaure shi ko cin tararsa ba ya kayar da diyya.

Kafin kotu, ka fara da baffanku. Kada ka tsinka shi a gaban mutane. Ka tafi da malamin da yake jin maganarsa, a yi masa lissafin gadon nan a fili, a nuna masa cewa kashi 85 cikin 120 na jikokinsa ne marayu. In ya fahimta, shi ya fi dacewa ya aika wa mutanen tashar cewa akwai sauran magana, kuma a wannan karon a tambayi mahaifiyarku da matar mamacin kowacce ita kaɗai.

Allah ne Mafi sani.