Zaɓen Maganin Farfaɗiya Gwargwadon Rayuwar Majiyyaci

Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa wanda kan sa mutum ya yanke jiki ya faɗi, jikinsa na makyarkyata, wani lokaci har da kumfar baki. Hausawa da dama suna danganta ta da iska, wasu kuma suna gudun yawun mai ita don kada su ɗauka. Alhali ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke fama da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace suka lizimce shi.

Magungunan ba ɗaya ba ne, masu shan su ma haka. Likita yakan fara duba irin faɗuwar da mutum yake yi, sannan ya dubi shekarunsa da sana'arsa da ƙarfin aljihunsa.

A ɗauki misalin masunci a Yelwa ko Wara, wanda yake wuni cikin kwale-kwale a tafkin Kainji. Maganin da ya fi araha shi ne phenobarbital, wanda ake amfani da shi tun 1912, kuma sau ɗaya ake sha a yini, galibi da dare. Illarsa ita ce sa barci da nauyin jiki. Mai jan taru da asuba yana bukatar idonsa a buɗe, don haka wajibi ne ya gaya wa likita lokutan aikinsa. Kowane magani aka ba shi, kada ya shiga ruwa shi kaɗai, domin faɗuwar da za ta bar mutum da ƙujewa a kan tudu, a ruwa ajali ce. Haka nan wannan magani yakan sa wasu yara rashin natsuwa da ƙiriniya, abin da malami zai iya ɗauka rashin tarbiyya ne.

Lamarin mata ya fi wuya. Valproate yana aiki a kan nau'o'in farfaɗiya da yawa, amma idan mai ciki ta sha, kusan jariri ɗaya cikin goma kan zo da tawaya a halitta. Saboda haka ake kauce wa ba 'yan mata da matan da ke shekarun haihuwa. Carbamazepine kuwa, kamar phenobarbital, yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Levetiracetam, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar cikin jerin muhimman magungunanta a 2023, ya fi sauƙi ga mai ciki, sai dai ya fi tsada.

A nan ne batun nisa yake shigowa, kuma a ganina shi ne ya fi komai nauyi a ƙasar Yauri. Maganin da sai an je Birnin Kebbi ko Sakkwato ake samun sa ba zai ɗore wa manomin Shanga ba, balle mazaunin gungu wanda sai ya haye ruwa kafin ya kai bakin titi. Daina shan maganin farfaɗiya kwatsam yana iya jawo faɗuwa a jere ba tare da farfaɗowa ba, wadda takan yi kisa. Gara magani mai araha da ba ya yankewa da mai tsada da ake sha wata guda a rasa wata biyu. Mai niyyar azumi ma ya nemi likita tun cikin Sha'aban, a ga ko za a iya daidaita masa shan maganin tsakanin sahur da buɗa-baki.

Malami ba likita ba ne, amma shi ke ganin ɗalibi kullum. Idan yaro ya fara gyangyaɗi a aji bayan an sa shi a kan magani, ko ƙuraje suka feso masa, a sanar da iyaye su koma asibiti da gaggawa. Idan kuwa ya faɗi, a kawar da benci daga kusa da shi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa ruwa. Jijjigar da ta wuce minti 5 ta asibiti ce.