Ɗan Katin da Ya Kai Dillali Gidan Yari

Mai karatu, ɗauko kwalin ashana ka ɗora a tafin hannunka. Katin da zan ba ka labarinsa kaɗan ya ɗara shi: faɗinsa bai cika santimita 4 ba, tsawonsa bai cika 7 ba. Hoton wani mutum ne a jiki, mai jan kumatu, sanye da riga ruwan toka da aka rubuta wa PITTSBURG a ƙirji. Kyauta aka riƙa cusa shi cikin kwalin taba sigari. A watan Agustan 2022 an sayar da guda ɗaya irinsa dala miliyan 7.25. Kada ka yi saurin cewa hauka ne, tsaya ka ji yadda aka yi.

Amurkawa suna da wasan da ake kira besbol, wannan ya jefo ƙwallo, wancan ya tare ta da kulki ya sheƙa da gudu. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin taba na American Tobacco Company ya buga hotunan 'yan wasan a ƙananan katuna, yana saka su a kwalayen sigarinsa irin su Piedmont da Sweet Caporal. Manya su sha taba, yara su bi su da roƙon kati. Katunan iri 524 ne. Masu tara kati suna kiran jerin T206, sun kuma yi masa laƙabi da Dodo, don yana cinye kuɗin mutum da shekarunsa bai ƙoshi ba.

Mai haƙuri da ɗan abin hannu yakan iya haɗa 520, yau ɗaya gobe biyu, wani a kasuwar masu kati, wani ta musaya da aboki. Daga nan sai ya ci karo da bango. Saura huɗu. Akwai na Eddie Plank, wanda kaɗan ne suka fita. Akwai na Sherry Magee da aka yi kuskuren rubuta sunansa Magie kafin a gyara. Akwai na Joe Doyle da aka jingina shi ga gasar da ba tasa ba, aka farga da wuri. Da yawa daga masu tarawa sun haƙura, sun ce wanda ya kai 520 ya gama. Amma duk wanda ya taɓa jera abu ya san yadda gurbi ɗaya yake tsone ido fiye da ɗari biyar da suka cika. Gurbin da ya fi tsone idon kowa kuwa shi ne na huɗu, na Honus Wagner.

Wagner gwarzon ƙungiyar Pittsburgh Pirates ne, sau 8 yana zama zakaran masu dukan ƙwallo a gasarsu, kuma yana cikin mutum biyar na farko da aka shigar zauren karrama gwanayen wasan a 1936. To me ya sa katinsa ya yi wuya haka? Shi da kansa ya hana. Jaridar The Sporting News ta ba da labarin a 1912. Kamfanin taba ya yi wa wani ɗan jaridar wasanni na Pittsburgh, John Gruber, alkawarin dala 10 idan ya samo amincewar Wagner. Wagner ya ce bai yarda a sa hotonsa cikin sigari ba. Amma ya tuna cewa ƙin nasa zai jawo wa wani asara, sai ya haɗa amsarsa da cek na dala 10 daga aljihunsa. Gruber bai kai cek ɗin banki ba, ajiye shi ya yi abin tunawa.

Har yau ana gardama a kan dalilinsa. Wasu sun ce ba ya son yara su sayi taba saboda hotonsa. Wasu sun ce ai shi ma yana tauna taba, kuɗin ne bai yi masa ba. Ni dai cek ɗin nan ya fi rinjayata, domin mai neman ƙari ba ya ciro nasa ya bayar. Ko ma mene ne, an tsayar da bugun. Ƙiyasin da ake yi shi ne tsakanin 50 da 200 ne suka kuɓuce zuwa hannun jama'a, kuma waɗanda aka san suna nan a yau ba su wuce sittin da wani abu ba. Da kai ne, mai karatu, kamfani mafi ƙarfi a harkar taba ya aiko maka, za ka iya cewa a'a, har ka biya ɗan aiken?

Sunan nan T206 wani bawan Allah ne ya raɗa shi, Jefferson Burdick, ma'aikacin masana'antar kayan lantarki a Syracuse. Shi ya zauna ya tsara katunan Amurka aji-aji ya ba su lambobi. Ciwon gaɓoɓi ya nannaɗe masa yatsu, amma ya ba gidan tarihi na Metropolitan da ke New York abin da ya tara, kusan guda 300,000, sannan ya tare a can yana manna su cikin kundi da hannunsa. A Janairun 1963 ya manna na ƙarshe, washegari ya kwanta asibiti, bayan wata biyu ya rasu. Akwai Wagner a cikin kundinsa. Burdick bai so kuɗi ya shiga wannan sha'awa ba. Da ya ƙara shekara ashirin da 'yan kai a duniya, da ya ga abin da ya guda.

A 1985 wani dillalin kati mai suna Bill Mastro ya sami labarin cewa wani mutum yana da Wagner zai sayar. Aka haɗu a wani shagon kati a Hicksville, jihar New York. Mastro ya biya dala 25,000, ya kuma sa aka haɗa masa da wasu katunan a matsayin gyara. Bayan shekara biyu ya sayar wa Jim Copeland, mai shagunan kayan wasanni a Kalifoniya, dala 110,000. Duk wanda ya ga katin sai ya riƙe baki. Sauran Wagner da aka sani duk sun sha jiki, wani ya lanƙwashe, wani kusurwoyinsa sun cinye, wani ya yi tabo. Wannan kuwa gefensa a miƙe sumul, kusurwa huɗu da kaifi kamar jiya aka buga shi. Katin da ya shekara saba'in da biyar a duniya, ina ya ɓuya har tsufa bai gan shi ba?

Ba a tsaya neman amsa ba, domin kasuwa ta riga ta buɗe. A 1991 aka kai shi gwanjon Sotheby's a New York. Tayi ya yi ta hawa har ya tsaya a dala 451,000 haɗe da la'ada, kuma masu sayen ba ƙananan mutane ba ne: Wayne Gretzky, sarkin ƙwallon gora na kan ƙanƙara, da Bruce McNall, mai ƙungiyar Los Angeles Kings. Tun daga ranar ake kiransa Wagner na Gretzky. Sannan aka kai shi wani sabon kamfanin tantance kati, PSA, wanda aikinsa shi ne ya duba kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi cikin roba mai garai-garai. Shi ne kati na farko da kamfanin ya taɓa dubawa, lambarsa 00000001. Aka ba shi 8. Riƙe wannan a ranka, mai karatu: a ƙa'idar harkar, katin da aka datse wa gefe ba ya samun maki ko ɗaya.

A 1995 Gretzky ya sallama shi a dala 500,000 ga kantunan Walmart da abokin hulɗarsu, suka zagaya da shi gari-gari, suka sa shi kyautar gasar talla. Ranar 24 ga Fabrairun 1996, ranar haihuwar Wagner, aka zaro takarda a shirin Larry King na tashar CNN. Rabo ya faɗa kan wata ma'aikaciyar gidan waya a Florida. Ka ce abin nema ya samu, ko? To a Amurka kyautar gasa ma sai an biya mata haraji, kuma harajin kati mai wannan daraja ya fi ƙarfin albashinta nesa ba kusa ba. Da kai ne fa? Dukiya ta shigo hannunka, amma riƙe ta zai jefa ka bashi. Ita dai ba ta yi taurin kai ba, ta miƙa shi gwanjon Christie's, aka saye shi dala 640,500.

Daga nan sai hawa. Dala miliyan 1.265 a 2000 ta dandalin eBay. Miliyan 2.35 a farkon 2007. Kafin shekarar ta fita, miliyan 2.8, kuma daga baya aka gane mai sayen Ken Kendrick ne, jagoran masu ƙungiyar Arizona Diamondbacks.

Duk tsawon shekarun nan akwai raɗe-raɗi a tsakanin tsofaffin dillalai. Suna cewa katin bai taɓa shiga kwalin taba ba, daga faifan takardar maɗaba'a aka yanko shi, sannan wani ya ƙara daidaita masa gefe. A 2007 wasu 'yan jarida biyu na New York Daily News, Michael O'Keeffe da Teri Thompson, suka fitar da littafi a kan katin, inda suka kawo bayanin ɗaya daga cikin waɗanda suka ba shi maki cewa ya lura an yanke shi tun ranar. Mastro ya musanta, ya sake musantawa. A lokacin kuwa shi ne shugaban gidan gwanjon kayan tarihin wasanni da ya fi kowanne suna a ƙasar. Wa zai ja da shi?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda kowa ya so ya yarda. Mai sayarwa yana son riba, mai saye yana son ya ce nasa ya fi na kowa, gidan gwanjo yana son la'adarsa, masu kallo suna son a ce akwai Wagner guda da zamani bai taɓa ba. Shakka tana nan a fili, ana jin ta ana kau da kai, ana ƙara tayi. Kai da ka zuba miliyoyi a kan abu, za ka so a kawo maka madubin ƙara girma?

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Hukumar FBI ta shiga binciken gidan gwanjon Mastro, kuma abin da ta fi bi shi ne tayin ƙarya: a sa na gida su riƙa taya kaya don farashi ya hau, mai saye na gaskiya ya biya fiye da kima. A 2012 aka tuhume shi. A Oktoban 2013, a gaban kotun tarayya a Chicago, ya amsa laifin zamba. Cikin abubuwan da ya amsa har da wanda aka shekara fiye da ashirin ana tambayarsa: shi ya sa wuƙar yankan takarda ya datse gefunan katin, ya sayar bai faɗa ba. A 2015 aka yanke masa wata 20 a gidan yari.

Yanzu kana jiran in ce katin ya zama takardar tsire. Ko kusa. Kendrick ya ci gaba da riƙe abinsa, lambar 8 tana nan a jikin robar, kuma tonon asirin ma ƙara masa suna ya yi. Sauran 'yan uwansa suka ci gaba da tashi: an sayar da wani dala miliyan 6.6 a 2021, sannan wancan na miliyan 7.25. A farkon 2022 har wani yagagge, wanda kusan rabinsa ya tafi, ya haura dala 475,000. Ka ga ke nan ko da Mastro bai taɓa wuƙa ba, da ya ci ribarsa a katin. Me ya kai shi?

Akwai wani Wagner da nake so ka gani kafin mu rabu. A 2010 wani dattijo ya rasu ya bar dukiyarsa ga wata ƙungiyar sistocin Katolika masu aikin koyarwa, School Sisters of Notre Dame, reshen Baltimore, inda 'yar uwarsa ta yi rayuwarta. Da aka buɗe akwatin ajiyarsa a banki sai ga kati, tare da 'yar takarda da ya rubuta cewa ko da yake ya lalace, darajarsa za ta yi ta ninkawa a wannan ƙarni. Tun 1936 yake riƙe da shi. Katin kam ya ga duniya: ya karye a jiki, an yanke masa gefe uku, an kuma lulluɓe shi da wani abu mai sheƙi. Sistocin ba su san Wagner ba, sai da suka bincika.

Shi ma yankakke ne, kamar na Gretzky. Amma a nan ba a ɓoye komai ba. Gidan gwanjon Heritage ya bayyana aibinsa ɗaya bayan ɗaya, mutane suka gani da idonsu suka taya, har ya wuce abin da aka yi tsammani, ya tsaya a dala 262,900 haɗe da la'ada. Sistoci suka yi murna, domin kuɗin zai tafi ayyukansu a ƙasashe fiye da 30. Sai wa'adin biya ya zo ya wuce, wanda ya ci gwanjon shiru.

Gidan gwanjo ya ɗaga waya ya kira wani tsohon abokin cinikinsa, Nicholas DePace, likitan zuciya a Philadelphia. Ga kati mai rauni, ga mai saye ya gudu, ga masu kaya suna jira. Duk ɗan kasuwa ya san irin wannan rana ce ake taya kaya da arha a samu. Da kai aka kira, mai karatu, nawa za ka taya? Likitan bai nemi ragin ko sisi ba. Ya biya farashin da gwanjo ya tsaya a kai, kuma kafin Kirsimetin shekarar dala 220,000 ta shiga asusun sistocin.