Ɗan'uba da Ɗan Karkare: Yadda Za Ka Tsare Yatsunka

Da hannunka ka ke neman abinci. Ko kai manomi ne, ko magini, ko marini, ran da yatsa guda ta kumbura aiki ya tsaya. Abin da ya kan kawo haka kuwa sau da yawa ƙanƙane ne, har mutum ba ya kula da shi.

Miƙa yatsarka ka duba gindin farce. Za ka ga wata 'yar fata siririya ta lulluɓe bakinsa. Amfaninta babba ne. A ƙarƙashinta tushen farce ya ke, daga nan ya ke tofowa, kamar milimita 3 a wata. Ita wannan fata ta ke toshe ƙofa, don ruwa da dauɗa da ƙwayoyin cuta kada su shiga.

Fatar mutum tana da maiƙo nata na halitta wanda ya ke sa ta laushi. Iskar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ta kan busar da ita. Haka kuma sabulu da ruwan toka da siminti da yawan jiƙa hannu su kan cinye maiƙon nan. Kadan fatar ta bushe sai ta tsage, wani ɗan tsinke ya tashi a gefen farce. Shi ne a ke kira ɗan'uba. Sunan ya dace da shi, gama ga shi jikinka ne, amma ba ya barinka ka huta.

To, ga inda kuskure ya ke. Mutum ya ji abin yana sarƙe masa riga, sai ya sa haƙori ya fizge. Ɗan'uba ba farce ba ne, fata ce, kuma gindinta da rai. In ka ja, sai ta yage har cikin nama, ƙofa ta buɗe. Bakin mutum kuwa cike ya ke da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Bayan 'yan kwanaki gefen farce ya yi ja, ya kumbura, ya tara mugunya, yana zogi har ya hana barci. In abin ya yi zurfi cikin tsokar yatsa, ɗan karkare ke nan. Farce ya kan fita saboda haka, sabo kuwa sai ya yi kamar wata 6 kafin ya cika.

Riga-kafi ya fi magani. Ka riƙe waɗannan:

1. In ka yi alwala ko ka wanke hannu, ka goge shi ya bushe sarai.

2. Ka shafa man kaɗanya, ko man gyaɗa, ko basilin, ka murza shi a gindin kowane farce. Da dare kafin ka kwanta ya fi kama jiki.

3. Kada ka bar mai yankan farce ya kankare 'yar fatar nan don kyau. Kuma ka ba shi sabuwar reza ko taka ta kanka, domin ƙarfen da ya taɓa jinin wani yana iya ɗauko ciwon hanta.

4. In aikinka na siminti ne ko rini ko wanki, ka sa safar hannu ta roba. In babu, ka ɗauraye hannu da zarar ka tashi, ka shafa mai.

5. Ka bar cizon farce, ka kuma hana 'ya'yanka.

In ɗan'uba ya riga ya fito, ka jiƙa yatsar a ruwan ɗumi minti 5 ta yi laushi. Sa'an nan ka ɗauki almakashi mai tsabta ka datse shi daidai gindinsa, ban da ja. Ka shafa mai, in wurin ya yi jini ka wanke da sabulu ka ɗaure da ƙyalle mai tsabta.

In ya fara ja da zafi, ka riƙa tsoma yatsar a ruwan ɗumi minti 15, sau 3 ko 4 a yini. Kada ka zuba ƙasa ko toka ko kananzir, kada kuma ka huda da ƙaya. Amma fa in kwana 2 sun wuce ba sauƙi, ko mugunya ta taru, ko zazzaɓi ya zo, ko ka ga jan layi yana hawa hannu, ko kaluluwa ta fito a hamata, to, maza ka tafi asibiti. Mai ciwon sukari kuwa kada ya jira ko kwana ɗaya, gama miki ya kan yi masa wuyar warkewa.

Ɗan man da za ka shafa kuɗinsa kaɗan ne. Mako biyu ba ka iya riƙe fartanya a tsakiyar aiki kuwa, kai ka san abin da zai ci maka. Allah ya ba mu lafiya, amin.