Toshe Kafofin Iska a Lokacin Hunturu: Amfaninsa da Haɗarinsa

Gabatarwa

Da zarar an kammala girbin gero da dawa a ƙauyukan Dambatta da Makoɗa da Bichi da Tsanyawa, aka kuma kwashe kara daga gonaki, sai ƙasa ta kasance fili fetal, babu abin da zai tare iska in ban da gawo da ɗorawa da kuka da ke tsaye jefi-jefi. A daidai wannan lokaci ne hunturu yake kunno kai. Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa watan Fabrairu, kowane magidanci yakan shiga fafutukar hana ɗari shiga ɗakunan iyalinsa. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda iska take sace ɗumin ɗaki, da hanyoyin toshe ta cikin araha, da kuma haɗarin da yake tattare da toshewar idan an wuce gona da iri.

Daga Ina Hunturu Yake Zuwa?

Iskar hunturu tana tasowa ne daga Hamadar Sahara, ta doso mu ta arewa maso gabas. Yawancin ƙurar da take ɗauke da ita, wadda muke kira hazo, daga kwarin Bodele ta ƙasar Cadi take fitowa, wato busasshen gindin wani ƙaton tafki na zamanin da. Da yake iskar busasshiya ce, sararin sama ba ya samun gajimare ko laimar da za ta riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana. Saboda haka da dare zafin yakan tsere sama. A Kano, a watannin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi yakan kai kusan digiri 30 da rana, amma kafin asuba ya faɗo wajen digiri 13, wani lokaci ma ƙasa da 10.

To, amma ba saukar ma'auni kaɗai ke sa mutum makyarkyata ba. Jikin ɗan Adam yana ɗumama 'yar siririyar iskar da ke lulluɓe da fatarsa, kamar wata riga da ido ba ya gani. Idan iska tana kaɗawa sai ta yaye wannan riga, jiki ya sake ɗumama wata, ita ma a yaye ta. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Paul Siple da Charles Passel, sun auna wannan al'amari a nahiyar ƙanƙara ta Antatika, suka buga sakamakon bincikensu a 1945. Abin da ya sa ke nan ɗakin da iska ke ratsawa ya fi sanyi a jiki bisa ɗakin da iskarsa take kwance, ko da ma'auni ya nuna lamba ɗaya.

Yadda Ɗaki Yake Rasa Ɗuminsa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Haka abin yake ga iska. Idan ta bugi bangon arewa ko na gabas, takan matsa ta kutsa ta kowace kafa: ƙarƙashin ƙyaure, gefen taga, tsagar bango, da ratar da ke tsakanin kan bango da rufin kwano. A ɗaya gefen ɗakin kuwa, iskar da ke wucewa tana zuƙo ta ciki zuwa waje. Bugu da ƙari, iska mai ɗumi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, don haka takan tashi sama ta fice ta kafofin rufi, mai sanyi kuma ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta, a daidai inda yara suke kwance a tabarma.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce faɗin ƙofa santimita 80 ne, ratar ƙarƙashinta kuma santimita 1. Girman kafar ya zama murabba'in santimita 80, wato kusan daidai da rami mai santimita 9 a kowane gefe. Idan iska tana ratsa ta da saurin mita 1 a daƙiƙa, a cikin awa guda za ta shigo da iska mai yawan kubik mita 29. Ɗaki mai tsawon mita 3 da faɗin mita 3 da tsayin mita 2.5 kuwa, kubik mita 22.5 kawai yake ɗauka. Ashe ke nan wannan 'yar rata ta isa ta sauya iskar ɗakin baki ɗaya kafin awa ta cika.

Irin ginin ma yana da tasiri. Bangon tubali mai kauri da rufin soro na azara suna shan zafin rana sannu a hankali, sa'an nan su sake shi cikin ɗaki da dare. Kwano kuwa ba shi da kauri, yana saurin ɗaukar zafi, yana saurin hucewa. Wannan ne ya sa ɗakin kwano marar silin yake zama tanderu a bazara, ya koma randa a hunturu.

Gano Kafofi da Toshe Su

Ɗalibi zai iya gano kafofin da kansa. A ranar da ake iska, ya rufe ƙofa da taga, ya kunna turaren tsinke, ya bi gefen ƙyaure da taga da kan bango da shi. Duk inda hayaƙin ya karkace, to akwai kafa a wurin. Da rana tsaka kuma, haske yakan tona asirin ƙananan ɓuloli.

Bayan an gano su, sai a bi waɗannan matakai:

1. A cike tsagar bango da kwaɓaɓɓiyar ƙasa da aka haɗa da ramno, a yi yaɓe, musamman a bangon arewa da na gabas.

2. A naɗe tsohon buhu ko tsumma a tokare ƙarƙashin ƙyaure da shi, ko a yanko tsohon tiyub ɗin taya a kafa shi da ƙusa a gindin ƙofar.

3. A rataya asabari ko labule mai kauri a bakin ƙofa da taga. Iskar da ta maƙale tsakanin labule da ƙyaure ba ta saurin wuce da zafi. Dabarar da kaza take yi ke nan idan ta bubbuɗa gashinta da asuba.

4. A yi wa ɗakin kwano silin, ko da na kwali ko na tabarma ne, amma a nisanta shi da fitila da wayar lantarki.

5. A kafa zana ko darnin kara ta arewa maso gabashin gida. Shinge yakan rage ƙarfin iska har zuwa nisan da ya kai kimanin ninki goma na tsayinsa. Mai dogon tunani kuwa ya dasa layin darbejiya.

Garin Neman Gira

A nan ne ake bukatar hattara. Al'adar mutane da yawa ce idan sun toshe ɗaki su shigar da kaskon garwashi su kwana da shi. Gawayi yana bukatar iskar oksijin kafin ya ci sosai. Idan ta yi ƙaranci, kamar yadda yake faruwa a rufaffen ɗaki, sai ya riƙa fitar da wata guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, kuma garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba.

Tun a 1857 masanin nan na Faransa, Claude Bernard, ya bayyana yadda take kisa. A cikin jini akwai sinadarin himogulobin, wanda aikinsa shi ne dakon oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Kabon monoksaid tana manne wa wannan sinadari fiye da yadda oksijin take yi har sau 200 ko fiye. Idan ta kama wurin, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da suke rayuwa da shi. Alamun farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, waɗanda ake iya ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Abin lura shi ne, idan mutanen ɗaki guda suka tashi da ciwon kai tare, ya kuma lafa bayan sun fita waje, to a tuhumi kasko. Mai barci kuwa yana iya zarcewa ba tare da ya farka ba. Jarirai da masu juna biyu da tsofaffi sun fi kowa shiga haɗari.

Wannan guba ce dai take fita daga janareta da kuma salansar mota. Direban da ya kai kaya kasuwar Dawanau dare ya yi masa, ya rufe gilasai ya bar inji a kunne don jin ɗumi, yana wasa da ransa. A Turai da Amurka, inda ake da motoci masu ɗakin kwana a ciki don yawon shaƙatawa, akan liƙe gefen ƙofofi da tagogi da roba, amma ana barin kafofin shan iska da maƙera suka yi musu, ana kuma sanya na'urar da ke ƙara idan gubar ta taru.

Dokokin ba su da wuya. A ji ɗumi da kasko a tsakar gida ko da ƙofa a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta. Janareta a ajiye shi a fili, nesa da taga. Kada a toshe ɗaki ruf. A bar ƙaramar kafa a sama ta gefen kudu ko yamma, inda iskar hunturu ba ta bugowa. A maimakon wuta, a ƙara bargo, a yi shimfiɗa mai kauri tsakanin jiki da daɓe, a sa wa yara hula da safa. Idan kuwa an tarar da wani ya galabaita, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da shi sarari, a garzaya da shi asibiti inda za a ba shi oksijin. Manja ko madara ba sa fitar da wannan guba daga jini, kuma ɗura wa wanda ya suma wani abu yana iya shaƙe shi.

Kammalawa

Muna kira ga malaman kimiyya da su sa ɗalibansu su auna ratar ƙofar ajinsu, su maimaita lissafin da ke sama da nasu alƙaluman. Ɗalibi kuma idan ya koma gida, ya zagaya ɗakin mahaifiyarsa da na kakarsa da turaren tsinke tun kafin sanyi ya kankama, ya toshe abin da ya kamata a toshe, ya bar kafar shan iska, sa'an nan ya tabbatar an fitar da kasko kafin a ja ƙofa. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.